Tanon Giya a Gidan Mai Koko

Ni ban taɓa shan giya ba, amma na san ɗanɗanonta. Ta shiga bakina ranar wata Juma'a a Gazawa, da rana tsaka, gaban mutane, ina sanye da farar riga. Har yau akwai waɗanda in na wuce sai su taɓa juna. To, su yi ta taɓawa.

Matata koko take sayarwa. Tun kafin a haifi ɗiyarmu ta fari take wannan sana'a, a kusurwar da ke kallon masallacin unguwarmu, daga fitowa sallar asuba har rana ta ɗaga. Ni noma nake yi da damina, da rani in yi ƙwadago duk inda na samu. Shekarar da gero ya yi da wadda bai yi ba, tukunyar kokon nan ke riƙe da gidan daga sa'ad da aka fara ganin ƙasan rumbu har sabon hatsi ya shigo. Ba na jin kunyar faɗa.

Mai shan koko bai san aikinsa ba. A jiƙa gero kwana biyu, a wanke, a kai inji da citta da kanumfari, a dawo a tace, a zuba a randa a bar shi ya kwana ya yi tsami. Gasara ta kwanta a ƙasa, ruwan tsami ya taso sama. Na sama a kwashe da ƙwarya, sauran kuwa sai an tsiyaye. Tsiyayewar nan ita ta cinye bayan matata. Mace ta duƙa ta rungumi randa, ta karkata ta a hankali don kada gasara ta bi ruwa, kullum, shekara ashirin da wani abu. Na kai ta likita aka ce ta daina ɗaga nauyi. Ta yi ta dariya tun daga ƙofar likita har gida.

Wata safiya bayanta ya riƙe tana cikin karkatawa, randar ta suɓuce ta rabu biyu. Randar uwarta ce, irin ginin da. Muka sayo sabuwa, ba ta yi wata biyu ba ta tsage. Na yanka mata bido, wato jarka, masu saye suka ce kokon na warin man fetur, kuma gaskiyarsu, don duk bidon da ke garin nan ya taɓa tsallako iyaka da mai a cikinsa. Na samo rabin tano, wato duro, tsami ya ci ƙarfen, gasara ta fito ja kamar an dama da jar ƙasa.

Ana cikin haka na bi ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayan tasha. Cikin tarkacen da aka sauke masa daga Maraɗi na hango wani ɗan tano fari, gajere, mai ƙiba, tsawonsa bai wuce cinyata ba. Ko ɗigon tsatsa babu. Yana da mariƙi biyu a sama, da wani baki a tsakiya da aka toshe da ƙwallon ƙarfe. Na ƙwanƙwasa, ya amsa da kyau. Na girgiza, na ji ɗan ruwa a ciki. Da gani zai ci bido biyu.

Na ce, "Wanga fa, na mene ne?"

Ya ce, "Na madara ne, irin na Turawa."

Ko bai sani ba, ko ya sani ya ƙi faɗa, tsakaninsa da Allah. Ni dai a raina na riga na ga abin: a yanke saman, a huda gefe a sa kan famfo daidai inda gasara ke tsayawa, mace ta murɗa da yatsa biyu ruwan tsami ya fita da kansa. Na ɗaura shi a bayan wani ɗan kabu-kabu na kai wurin mai walda.

Mai waldar taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, shi ya sa ba ya iya ce mini sannu ba tare da ya haɗa da zagi ba. Ya zagaye tanon ya ce ba zai kusa da wuta ba sai ya san abin da ke ciki, in bar shi zuwa gobe. Gobe kuwa Juma'a. Na yi wanka, na sa farar riga da hula, na shafa turare, na ce bari in biya in ga ko ya fara kafin in wuce masallaci. Na tarar ko taɓawa bai yi ba, yana zaune da mutane huɗu ko biyar suna jiran lokaci.

Na ce, "Kai, raggo, tsoron tukunyar madara kake?"

Ya ce, "Bawana, in kai jarumi ne buɗe mana. Ga ƙusa nan."

Na ɗauki ƙusa doguwa, na tsaya bisa tanon, na sunkuyar da fuska don in ga ƙwallon da kyau, na danna da ƙarfina duka.

Ban san akwai iska a matse a ciki ba, kuma kwana da kwanaki yana gasuwa a rana. Abin ya taso kamar an fasa babban bututun ruwa. Ya shiga idona, ya shiga hancina, ya cika mini baki, ya cire hular ya yar can. Ruwa ne rawaya mai kumfa, mai ɗumi, mai ɗaci, da wani wari kamar tuwon da ya kwana uku haɗe da fitsarin jaki. Na tsaya ina tofarwa, gemuna na ɗiga.

Cikin masu zama akwai wani direban babbar mota da ke zuwa har bakin teku. Ya shinshina sau ɗaya, ya miƙe yana kaɗe rigarsa.

"Inna lillahi! Malam, ai giya ce! Tanon giya ne na otel!"

Taubashina ya faɗi ƙasa don dariya, yana dukan turɓaya. "A kawo tabarma, bawana ya yi tatil! Shekara hamsin yana ɓoyewa, yau Allah ya tona!"

Ba a shiga masallaci da najasa, dole in koma gida. Kuma hanyar gidana ita ce hanyar da dukan unguwa ke biyowa zuwa Juma'a. Kowa na tafiya gabas da darduma a kafaɗa, ni kaɗai na nufi yamma, ba hula, idanu jajur, riga rawaya, ina warin da ake ji tun daga nesa. Na yi wa wasu bayani ina tafe, na ga bayanin na ƙara ɓata abin, sai na daina. Kafin in gama wanka an sallame. Juma'ar da na rasa ke nan tun da na yi hankali.

Da la'asar yayana ya zo. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar tsohonmu, mutum ne mai tsoron Allah, mai tsoron mutane kuma fiye da kima. Bai zauna ba.

"Na ji abin da ya faru. Tsautsayi ne, kowa ya gane. Ka mayar wa mai shi, ko ka jefa a kududdufi, magana ta mutu."

Na ce, "Yaya, ƙarfen na da kyau."

"Mi ka ce?"

"Na ce ƙarfen na da kyau. Ba ya tsatsa. Yanka shi zan yi in sa gasara."

Ya ce, "Wanga taurin kai naka shi ya hana ka ci gaba tun kana yaro." Ya juya ya fita.

Na tambayi matata, don bayanta ne kuma sana'arta ce. Ta ce in dai za a wanke shi yadda ta ce, tana so.

Washegari taubashina ya yanke saman da injin yanka, ya bar mariƙan. Muka tarar da wani dogon bututu a ciki tun daga baki har ƙasa, muka cire muka yar. Ya goge bakin yankan don kada ya tsaga mata hannu. Wurin huda gefe ne muka yi gardama, ni na ce nan, shi ya ce can, har matata ta yafa mayafi ta zo da kanta. Tiya uku take jiƙawa kullum, ba ƙari ba ragi, ta san kaurin gasararta. Ta ɗora hannu a gindin tanon, ta auna yatsa huɗu, ta ƙara ɗaya, ta ce, "Nan." Nan aka huda, aka ɗaura kan famfo sabo da roba ciki da waje.

Sai wanki. Ruwan zafi da sabulu. Toka. Yashi da soso har hannuna ya yi jini. Ta ce sai an yi bakwai, ɗaya da ƙasa. Na ce mata wannan ai na abin da kare ya lasa ne. Ta ce, "Malam, kare da giya wa ya fi wani? Wanke." Na wanke bakwai, na ƙara biyu don haushi. Na kife shi a rana kwana uku. Na sa kaina ciki na shaƙa, ba abin da na ji sai ƙarfe mai zafi.

Ranar farko da ta murɗa famfon, ruwan tsami ya fito siriri, garau, ya cika roba, ya tsaya da kansa daidai kan gasara. Tana tsaye, ba ta duƙa ba. Ta rufe ta sake buɗewa ba don komi ba. Ba ta ce mini na gode ba, ba halinmu ba ne, amma da rana na ga ƙwai biyu a kan abincina.

Da na tsaya nan, wataƙila da maganar ta lafa. Ƙuda ne suka sa na ƙara. Bazara ce, suna faɗawa ciki, sai na samo murfin tukunya na naɗe bakinsa da robar cikin taya, na danne da dutse. Ya rufu ruf. Ashe gasara in tana tsami numfashi take yi, a randa ba a lura don ba ta rufuwa. Murfin ya riƙa ɗagawa yana sakin iska da wata ƙara marar daɗin ji, har rannan ya ture dutsen. Na huda murfin na sa siririn tiyo, na tsoma ɗaya bakin a kwalbar ruwa, iska ta fita, ƙuda ba su shiga. Dabarata ce, ba wanda ya koya mini, na ji daɗin kaina ƙwarai. Kwalba na ta ɓul, ɓul, ɓul a gindin bishiyar bedi.

Matan da ke shigowa sayen gasara ɗanya suka gani. Tanon giya, hatsi a jiƙe, tiyo, kwalba na kumfa. Wata ta faɗa wa mijinta, shi kuwa ya taɓa zama kudu, ya ce wallahi haka masu dafa giya ke yi, ba bambanci. Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta kai har garin Gangara wai ana burkutu a gidana, kokon rufa ido ne.

Ba wanda ya zo ya faɗa mana a fuska. Mutane dai suka riƙa fitowa daga masallaci suna bi ta ɗaya gefen. Tsoffin da suka shekara goma suna zama a bencin matata suka koma gaisuwa daga nesa. Ta dawo da rabin tukunya. Washegari ta dawo da fiye da rabi. Rana ta uku ta aika wa maƙwabta kyauta, kwano biyu suka dawo yadda suka tafi, ko murfi ba a ɗaga ba. Muka sha, muka ba awaki sauran. Gero tiya uku kullum, a watan da rumbu ya kusa ƙarewa.

Ta zauna bakin murhu ta ce, "Malam, ni shekara ashirin ba a taɓa maido mini kwano ba."

Na tashi na juye gasarar a roba, na ɗauraye tanon, na ɗora a ka da tiyonsa da kwalbarsa, na ratsa unguwa a haka har ƙofar liman. Bayan la'asar ne, majalisa cike, yayana ma na ciki. Na dire shi a tsakiya.

"Allah gafarta Malam, ga shi. A duba a gaya mini."

Liman tsoho ne marar gaggawa. Ya sa aka matso da shi, ya ƙwanƙwasa da carbi, ya leƙa, ya shinshina. Ya tambayi yadda na wanke, na faɗa. Da na zo kan bakwai da ƙasa ya yi murmushi. Ya tambayi aikin kwalbar, na faɗa. Ya tambaya ko gasarar na wuce kwana ɗaya a ciki, na ce a'a, kamar dai a randa.

Ya ce, "Da tukunyar ƙasa ce, da sai a ce ta sha abin ya shige ta. Ƙarfe irin wannan ba ya sha. An wanke, wari ya fita, launi ya fita, ya tsarkaka. Koko kuma koko ne."

Na juya na dubi majalisa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Liman ya ƙara da cewa, "Amma da ni ne kai, da na rabu da shi. Saboda bakin mutane."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ranar da bayanta ya riƙe, bakin mutane bai zo ya karkata mata randa ba."

Yayana ya ce, "Kai! Liman kake mayar wa magana?"

Na ce, "Tambaya na yi, an ba ni amsa. Halal ne. Kun ji ko ba ku ji ba?"

Wani daga baya ya ce, "Mun ji. Rai ne dai ba ya so."

Wannan ya fi kowa gaskiya a wurin, kuma ba ni da abin da zan yi da shi. Na ɗauki kayana na koma.

Hukuncin liman ya dawo da mutum uku. Uku, har da wani kurma da nake zaton tun farko bai ji labarin ba, ciwo ne ya kwantar da shi.

Sai matar yayana ta zo da shawara, kuma da kyakkyawar niyya ta zo. A sayi randa a kafa a tsakar gida inda kowa zai gani, a shigar da tanon ƙuryar ɗaki, a ce an sayar. Ciniki ya dawo, baya ya huta, ba wanda ya sani. Na ce ba da ni ba. Masu dafa giya su ke ɓoye tukunya a ƙurya. Ranar da aka leƙa aka gani, me za mu ce? Amma na ce wa matata ita ke da magana. In ta ce a ɓoye, zan fita daga gidan, a ɓoye shi ba a gabana ba. In ta ce a koma randa, gobe in je kasuwa in ɗauko, in riƙa karkata mata duk ranar da nake gari. Na san kuma rabin rani ba na gari, ita ma ta sani.

Ta yi kwana biyu ba ta jiƙa gero ba. Ban taɓa ganin haka ba, ko da ta haihu ƙanwarta ke yi mata. Gidan ya yi wani iri, ba ƙamshin citta, ba hayaƙin asuba. Na riƙa fita ina dawowa ba abin da na yi.

Rana ta uku ta auna tiya uku ta zuba ruwa. Ta ce, "Fitar mini da shi zaure."

"Zaure?"

"Bakin ƙofa, inda mai wucewa zai gani. Da kwalbar. Kuma ka nemo mai amalanke ya riƙa kai mini tukunya tasha. Na bar musu kusurwarsu."

Tasha da nisa daga gidanmu, kuma wurin maza ne, direbobi da 'yan kabu-kabu da masu jiran motar Maraɗi, da Fulani masu shigowa da dabbobi ranar kasuwa. Na raka ta safiyar farko, na zauna gefe kamar mai jiran mota. Labari ya riga mu isa. Direban nan na babbar mota shi ya fara zuwa, da murya kamar yana kiran fasinja.

"Hajiya, na tanon ne? A cika mini, yau sai na ga hanya ta zama biyu!"

Ta ce, "Kai da kake ganinta biyu tun kan ka sha? Miƙo kwanonka."

Aka fashe da dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya sha ya tashi yana tangaɗi da gangan, ta ce in ya faɗi kada ya faɗo mata kan ƙosan maƙwabciya. Wani dattijon Bafulatani ya sha nasa shiru, ya side ludayi, ya ce da Hausarsa, "Wannan ba yashi, ba wari. Ƙara." Kafin rana ta yi zafi tana kankare gindin tukunya.

Ba zan ce mun ci riba a kan kowa ba. Kusurwar masallaci wata ta kama, kokonta salam ne, amma suna sha. Matata na fita da wuri fiye da da, tana dawowa da ƙura har gwiwa, ranar da mai amalanke ya makara sai ta tsaya jira a titi. Cikin tsoffin bencinta akwai waɗanda suka rasu ba su sake ɗanɗana kokonta ba, wannan na damunta, takan ambata. Yayana yakan zo gaisuwa, ya raɓa ta jikin bango don kada rigarsa ta taɓa tanon, in an kawo masa koko ya ce ya karya. Shekara huɗu ke nan kullum ya karya.

Bana, bayan an gama girbi, yana zaune a zauren muna maganar gona, matata ta fito da mayafi za ta kai niƙa. Ta gaishe shi har ƙasa, ta juyo wurina.

"Malam, tiya uku ba ta isa tasha yanzu. In ka shiga Maraɗi ka nemo mini na biyu."

Yayana ya ce, "Na biyun mi?"

Ta ce, "Tanon giya, Yaya."

Na ce mata sai ranar da na kai wake, kuma ta auna mini yatsun tun yanzu a jikin kara, don ba zan sake gardama da wancan raggon mai walda ba.